Kawu Manu da Sukuwar Asabar ta Inkil

Duk wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar gidan Kawu Manu a Fadaman Mada ya san abin da ke biyo baya. Sallama dai zai amsa ta cikakkiya, har da wa barakatuhu, don ba ya wasa da haƙƙin addini. Amma kafin ka cire takalmi sai ka ji muryar nan tasa mai kama da ana jan ƙofar langa-langa: "Wa ya aiko ka?" Ba baƙo kaɗai ba, kowa da kowa. Limamin unguwarmu ya taɓa zuwa gayyatarsa ɗaurin aure, ina zaune a wurin.

"Wa ya aiko ka, Liman?"

"Uban amarya, Kawu."

"To shi kuma wa ya aiko shi?"

Liman ya yi dariya ya ce wannan kam sai dai a tambayi uwar amarya. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa. Ka ga an fara zuwa gindin maganar."

Ko matarsa, Goggo Hajjo, ba ta tsira ba. In ta kawo masa kunu sai ya sunsuna, ya karkata kofin ya leƙa. Wata rana ta gaji ta ce, "Malam, tun gashina yana baƙi nake dama maka kunun nan. Da ina da wani nufi ai da tuni an manta da sadakar arba'in ɗinka."

Ya ce, "Ai shi ya sa. Mai haƙuri ya fi mai gaggawa ban tsoro." Ya shanye tas, ya miƙa mata kofin a ƙaro.

Ku da kuka riske shi da tsufa kuna cewa haka Allah ya yi shi. Gaskiya ne, amma doki ne ya ƙara hura wutar. Kawu baduku ne, yana ɗinkin kayan doki, kuma duk abin da ya samu a bakin doki ɗaya yake ƙarewa, wani bidi dogo mai faɗin ƙirji da ke turke a bayan gidansa. Ni shagona na ɗinki yana manne da zaurensa, don haka babu abin da ya wuce ni. Bai taɓa sayen dusa wurin mutum ɗaya sau biyu a jere ba. Yau kasuwar Wunti, wani satin bakin barikin Shadawanka, wani satin kuma ya tafi can wani ƙauye inda ba a san fuskarsa ba. In an auna masa, sai ya ɗebi kaɗan ya watsa a baki, ya tauna, ya tsaya yana kallon sama yana jiran ko zai ji jiri. Wani mai dusa ya ce masa, "Haba Kawu, to in da guba a ciki ai kai za ta fara kayarwa."

Ya ce, "Ni ai na gama tawa sukuwar. Shi ne da saura."

Sunan dokin ma sirri ne. Ni ya ce min sunansa Ɗan Auta, ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Goggo ta san shi da Gambo. Mahayinsa, Isa Tsinke, wani ɗan tsamurmurin mutum mai furfura a gemu wanda iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka, shi an ce masa Na-Allah. Da asiri ya tonu muka tare shi mu uku, bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Na ɗaya, in an kai suna wurin boka, an kai na ƙarya. Na biyu, duk sunan da na ji a bakin wani, na san ƙofar da ya fita." Ƙarshenta dokin bai san ko ɗaya ba. In kana so ya waiwayo, sai dai ka yi gyaran murya irin ta Kawu. Mu dai muka haƙura muna cewa Bidin Kawu.

Yaran yanzu ba su san sukuwar Asabar ba, bari in faɗa musu. Da an gama girbi, an kwashe dawa da wake, manoman Inkil, can bayan gari, kan sakar mana gonakinsu kowace Asabar bayan la'asar, har zuwa lokacin da ruwan fari zai sauka. A tashi daga gindin kuka, a tsallake dangar kara, a tsallake wani kwari da ruwa ya zaizaye, a sake tsallake wata dangar, a ƙare a tsamiyar wani manomi, Malam Dauda. Dokin da ya ci, damin harawa ne nasa. Mahayi kuma ƙwaryar fura. Manoma ribarsu takin da dawaki suka bari, da kallon kyauta. Ba lasifika, ba rumfa. Kowa ya san uwar kowane doki, ya san wanda ya taɓa faɗawa kwari, ya san mahayin da ke rufe ido in an zo danga.

Ni ne alƙali a bakin tsamiya, kuma Kawu ne ya naɗa ni. Na ce masa, "Kawu, ni fa tela ne. Ban san gaban doki da bayansa ba sai ya yi tafiya."

Ya ce, "Shi ya sa na zaɓe ka, Tela. Wanda bai san abu ba bai san yadda ake cuta a cikinsa ba."

Sai ga Babba ta shigo. Sunanta na takarda dogo ne, mu dai Babba muke ce mata: babbar sukuwar shekara, kwana uku a filin cikin gari, wajen ƙarshen rani. Rumfuna, lasifika, 'yan rediyo, makaɗa, dawakan da ake saukewa daga bayan mota daga garuruwa masu nisa, har da na ƙetaren iyaka. Wanda ya ci, ga kofi, ga sabon babur, ga sunansa a rediyo har dangin matarsa su ji. Da farko ba ruwan wata da wata. Amma a hankali masu dawaki suka fara lissafi: in dokina ya karye a kwarin Inkil saboda damin harawa, wa zan kai Babba? Sai aka fara ɓoye dawaki. Wannan ya ce nasa yana tari, wancan ya ce targaɗe. Samarin majalisa kuma suka fito da wata magana da ke ƙona ran Kawu: wai dokin da bai ci Babba ba, ko ya cinye Asabar ɗin duniya, jaki ne da ya yi tsawo.

Kawu ya ce, "Kwana uku! Doki ya yi shekara yana cin harawa, a ce ba a san da shi ba sai kwana uku? Ko zaman makoki ya fi haka daɗewa a wasu gidajen!"

Shi a wurinsa ba a kafa Babba don komai ba sai don a kashe Asabar. "An zauna, Tela. An rufe ƙofa an ƙulla. Kai kana ganin rumfa, ni ina ganin tarko." Ya kuma rantse Bidi ba zai taka filin nan ba.

Wata safiya ya leƙo shagona cikin babbar riga, da ƙullin kanwa a hannu. Ya ce in rufe keken ɗinki in raka shi dubiya. Na ce, "Subhanallahi, wa ba shi da lafiya?" Ya ce in dai taso. Muka miƙe sai gidan Alhaji Bappa, ɗan kasuwar nan mai dawaki da yawa, wanda kuma yana cikin masu shirya Babba. Akawal ɗinsa, baƙin doki mai sheƙi, shi ne aka ce yana fama da tari tun farkon kaka.

Alhaji ya fito da fara'a. "A'a, Kawu ne da kansa? Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau, Alhaji. Mun ji an ce yaron ba ya jin daɗi, muka ce bai kamata a yi shiru ba. Zumunci a ƙafa yake."

"Wane yaron?"

"Mai tarin."

Alhaji ya fara 'yan kame-kame, wai an ba shi magani yana barci, kada a tashe shi. Bai rufe baki ba muka ji haniniya daga barga kamar za ta tsaga katanga, sai kuma gam! an harbi ƙofa. Kawu bai jira izini ba, ya kutsa. Ga akawal nan yana tsalle a turke, wuya kamar turmi, masu kula da shi biyu sun rataye a ragama yana jan su. Kawu ya durƙusa a gefe kamar yadda ake yi a gaban majinyaci, ya ajiye kanwarsa, ya ɗaga hannu.

"Sannu, bawan Allah. Allah ya sa kaffara ne." Ya juyo wurin Alhaji. "Alhaji, don Allah in ciwon nan yana yaɗuwa a bar ni in ɗan zauna kusa da shi. In ya kama ni, wallahi aure zan ƙara."

A ranar sai da muka zaga duk gidajen da aka ce akwai doki kwance. Ko ɗaya ba mu samu a kwance ba. Na dawo ƙafafuna sun kumbura, shi kuwa sai murna yake, kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata. Babu abin da ke faranta wa Kawu rai kamar zarginsa ya tabbata.

Amma dubiya ba ta dawo da kowa ba. Dawaki suka yi ta raguwa, masu kallo ma haka, har aka kai wata Asabar da muka isa Inkil muka tarar ba kowa sai mu: ni, Kawu, Isa Tsinke, Bidi, da Malam Dauda zaune a kan damin harawarsa. Na ce, "Kawu, mu koma. Da wa za a yi?"

Ya kalle ni kamar na zagi mahaifinsa. "Yau wace rana?"

"Asabar."

"An yi la'asar?"

"An yi."

"To tafi bakin tsamiya. Kuma ka buɗe ido, ban da son kai."

Na tafi na tsaya, ina jin kunyar ko da tsuntsaye. Kawu ya ɗaga hularsa ya saki, Isa ya sakar wa Bidi linzami. Ya tsallake dangar farko lafiya. Ashe jakin Malam Dauda yana kiwo a bayan dangar, ya firgita, ya tsinke igiya ya rufa wa doki baya yana kuka. Bidi ya haye kwari, jaki ya gangara ciki ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya rusa danga ta biyu da ƙirji, ya iso tsamiya yana haki. Na ɗaga hannu na ce Bidi ne na ɗaya, jaki na biyu. Malam Dauda ya faɗo daga kan harawa don dariya.

Kawu ya iso yana ɗingishi, fuska a murtuke. Bai kalli dokinsa ba. Ya zagaya jakin nan, ya duba kunnuwansa, ya ɗaga masa ƙafa ya leƙa kofato.

"Malam Dauda, tun yaushe jakin nan yake wurinka?"

"Haba Kawu, a gidana aka haife shi."

"Haka za su ce maka. Wannan an turo shi ne ya auna gudun dokina."

Muka yi dariya har da hawaye, amma a hanyar dawowa dariyar ta ƙare. Kawu ma ya san in aka sake yin Asabar biyu irin wannan, an gama.

Ana nan sai Allah ya kawo Alhaji Bappa har zauren Kawu. Abin da ya faru shi ne, shekara da shekaru dawakan baƙi ke ɗauke kofi a Babba, mutanen gari sun fara guna-guni, wai a zo har gida a ci mu. Kowa kuma ya san duk Bauchi babu mai gudun Bidi. Alhaji ya zauna a tabarma, ya sha tambayar wa ya aiko shi, ya ce kwamiti ne, sannan ya faɗi buƙata.

Kawu ya ce, "Me ya sa sai yanzu?"

"Kawu, mutuncin gari ne."

"Da can garin ba shi da mutunci?"

"Haba Kawu. Ku dubi girman Allah. Dokin nan in ya mutu bai shiga Babba ba, wa zai tuna da shi?"

Na ga maganar ta taɓa shi, don ya yi ta murza zaren da ke hannunsa. Can ya ce, "Zan kawo shi. Amma daga wannan Asabar har zuwa ranar taku, duk dokin da ke garin nan ya zo Inkil. Mai tari ya zo ya yi tarinsa a gabana. Mai targaɗe ya zo in ga ɗingishin. Asabar ɗaya aka tsallake, magana ta tashi."

Alhaji ya ce, "In wani ya karye fa?"

"Tun kafin a haife ka ake tsallake kwarin nan. Dokin da aka ɓoye shi ke karyewa, don ya manta yana da ƙafa."

Alhaji ya yarda, don ba shi da yadda zai yi. Jama'a, ban taɓa ganin rani irin wannan ba! Majinyata duk suka warke rana ɗaya. Dawaki suka cika gindin kuka har sai an raba su kashi-kashi. Masu rake da masu ƙosai suka biyo, matan sojoji suka zo daga bariki da 'ya'yansu, manoma suka ƙara dammunan harawa. Kawu yana ta kai da kawowa yana harare-harare, wai taron ya yi yawa, ba banza ba. Amma na kama shi sau da yawa yana murmushi a bayan hannun riga.

Sau ɗaya akawal ɗin Alhaji ya riga Bidi isowa tsamiya, da ɗan tsinin hanci. Na faɗi gaskiya. Washegari Kawu ya shigo shagona, ya fara ɗaga yadukan da ke rataye ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan shaddar ta wa ce?"

"Ta wani malamin makaranta ce, Kawu."

"Malamin makaranta da shadda mai wannan sheƙi? Yana da dangantaka da Alhaji?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ka ga! Ba ka ma bincika ba."

Sai da ya yi sati yana amsa gaisuwata da hanci.

Ranar Babba ta zo. Kawu ya cika alkawari. Ya taho da ruwan dokinsa daga gida a jarka, ya hana kowa matsowa. Aka ce ga kujerarsa a rumfar manya, har an manna sunansa. Ya ja da baya. "Kujera da sunana? Don a san inda nake zaune?" Ya tafi can bakin shingen katako da ya kewaye filin ya tsaya cikin rana, ni kuma dole na bi shi. Filin ya cika maƙil. Mai lasifika yana ta kururuwa, yau dokin gida zai fitar da mu kunya. Isa Tsinke an sa masa wata riga mai ƙyalli, ya yi kama da alawar yara.

Aka sake su. Wayyo! Bidi ya fita kamar an harba kibiya. Dawakan baƙin nan masu tsada ya bar su a baya kamar an ɗaure su. Fili ya ɗauki ihu, wani tsoho da ban sani ba ya rungume ni. Mai lasifika yana cewa, "Dokin Bauchi ne a gaba! Dokin Bauchi ne a gaba!"

To ga abin da babu wanda ya tuna a cikinmu, daga Kawu har kwamitin: filin Babba zagaye yake. Sukuwar Inkil kuwa miƙaƙƙiya ce, daga kuka zuwa tsamiya. Bidi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa shan kwana a guje ba. Abin da ya sani shi ne, in ka ga abu a gabanka, ka haye. Da aka iso kwanar farko, ya ga shinge ya tare hanya, sai ya tattara ƙafafu ya tashi. Wallahi ban taɓa ganin tsalle mai kyau irin wannan ba. Ya haye shingen, ya haye baron mai rake da ke bayansa, mai raken ya kwanta a ƙasa yana salati, ya ratsa tsakanin motoci ya kama hanya.

Mai lasifika ya ce, "Dokin Bauchi ne a... dokin Bauchi... jama'a, ina za shi?"

Fili ya yi tsit, sannan dariya ta ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano. Ni kuwa ban yi dariya ba. Na ce yau tsohon nan zuciyarsa za ta buga. Na juya a hankali na kalle shi. Yana tsaye ƙiƙam, ya zuba ido inda dokin ya ɓace. Can ya matso kusa da kunnena.

"Tela, ka gani? Ko shi bai yarda da su ba. Hanyar da za a ce ka yi ta gudu ka dawo inda ka tashi, ai da wata a ƙasa."

A Inkil muka same su kafin magariba. Bidi yana tsaye a gindin tsamiya yana cin harawa, don Malam Dauda ya ce doki ya iso, ba kowa a gabansa, haƙƙinsa ne. Isa yana kwance a ƙasa da rigarsa mai ƙyalli, an ba shi fura ya kasa riƙe ludayi. Ya ce, "Na ja linzami, na sake ja. Da na ga ba ni ke tuƙin ba, sai na kama kalmar shahada na bar masa sauran."

Alhaji Bappa ya iso a mota, rai a ɓace. "Kawu, kun kunyata mu a gaban baƙi!"

Kawu ya ce, "Na kawo shi ko ban kawo shi ba? Ya wuce su ko bai wuce su ba? Ku ne kuka lanƙwasa hanya ba ku gaya masa ba."

Sai Alhaji shi ma dariya ta ƙwace masa har ya dafa mota.

Yau in ka tambayi tsofaffin garin nan wane doki ne ya ɗauki kofi a shekarar, za su yi ta musu ba su daidaita ba. Amma ka ce dokin da ya tsallake mai rake, kowa zai ce yana wurin, har waɗanda lokacin suna goye. Da kaka ta zagayo mutane suka yi ta tururuwa zuwa Inkil don su ga Bidi yana tsalle, masu dawaki kuma inda jama'a take nan suke son a gan su. Asabar ta sake samun wasu shekaru masu daɗi. Kawu bai gode wa kowa ba. Cewa ya yi a yi hattara, taro ba ya zuwa haka kawai.

Abin da ya gama da ita daga baya ba mu hango shi ba. Gari ne ya yi ta matsowa. Aka yanka gonar farko fuloti-fuloti, inda dangar kara take aka ja katangar bulo. Malam Dauda ya rasu, magada suka sayar. Bidi ya tsufa ya mutu a turkensa, Kawu bai sake sayen wani ba. Babba kuwa tana nan tana ƙara girma, har yanzu in lokacinta ya yi ba a jin zancen komai sai ita.

Shekarar da zai rasu, ƙafa ta riga ta ƙi, wata Asabar bayan la'asar ya aiko a kira ni, ya ce in samo mai keke napep ya kai mu Inkil. Muka sauka inda kwarin yake, an zuba kwalbati a kai, yara suna buga ƙwallo a gefe. Na shimfiɗa masa ɗan buzu a jikin wata katanga ya zauna. Ya daɗe yana kallo. Na ɗauka zai ce kwamiti ne suka saye gonakin ta bayan fage, don ya sha faɗin haka. Sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya sa mai keken ya matsa can nesa, ya jawo ni kusa.

"Tela, zan gaya maka wata magana. In na ji ta a waje, kai ne."

"Ina ji, Kawu."

"Babbar nan, ba shekarar da ban je ba. Nakan naɗe fuska da rawani in tsaya can baya wurin masu goro."

Na ce, "Kawu! Kai da ka ce tarko ce?"

"Tana da kyau, Tela. Wallahi tana da kyau. In suka jero a kwanar ƙarshe ɗin nan, sai ka ji tsigar jikinka ta tashi."

"To me ya sa ka yi shekaru kana yaƙi da ita?"

Ya share ido da bakin rawani. "Abin da ke da masu kuɗi da makaɗa da rediyo, me zai yi da ni? Asabar ce ba ta da kowa."

Na gyara zama kusa da shi. Muka zauna har aka kira magariba a sabon masallacin da aka gina kusa da inda tsamiyar take.

Na riƙe masa maganar nan duk tsawon shekarun da suka wuce. Yau na fasa ta a gabanku, don ni ma na kusa, kuma ba na so a tafi da shi a matsayin mai rigima kawai. In na yi laifi, Kawu, ka yafe wa telanka. Allah ya jiƙan Kawu Manu, ya jiƙan Goggo Hajjo da ta yi haƙuri da shi, da Isa, da Malam Dauda. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sanyaya masa zuciya, ya sa ya sauka inda babu abin tsoro. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.